Perse: wane irin shuɗi ne wannan, kuma me za mu kira shi da Hausa?

Malam Habu Zariya
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Taimako nake nema a kan kalma guda, kwana uku ke nan ta hana ni sakat.

Ina koyar da tsohon adabin Turanci, kuma al'adata in na karanta wa ɗalibai baiti sai in mayar musu da shi Hausa don ya zauna musu. Wannan zangon muna kan gabatarwar The Canterbury Tales ta Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400. A nan ne yake siffanta matafiyan da suka taru a masauki za su ziyara Kantabari, ɗaya bayan ɗaya, har da abin da kowa ya sa a jikinsa. Da ya zo kan likita sai ya ce: "In sangwyn and in pers he clad was al." Sangwyn ba ta ba ni wahala ba, ja ne irin na jini. Pers ɗin ce ta tsaya mini a wuya. Daga baya an riƙa rubuta ta perse, yau kuwa ko Baturen Ingila ka tare a hanya da wuya ya san ta. Ƙamus ya ce shuɗi ne mai duhu, wani lokaci da sirkin ruwan toka.

Na ce wa yara "ja da shuɗi". Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, Malam, in shuɗi kawai yake nufi, me ya hana shi ya ce blue? Gaskiyarta kuwa, domin a cikin wannan gabatarwar dai, da ya zo kan mai injin niƙa, cewa ya yi farar riga ce a jikinsa da "blew hood". Wato shuɗiyar hula. Ke nan yana da kalmar, ya ajiye ta ya ɗauko wata saboda dalili. Na yi mata alkawarin amsa ranar Litinin. Me za mu ce da Hausa?

Sadiq
Wa alaikumus salam Malam. Ruwan bula mai duhu mana.

Alhaji Babba Kwari
A'a ɗana. Bula ai baƙuwa ce, daga blue ɗin nan ta Turawa muka aro ta, kuma ta shigo ne tare da bular wanki da ake sa wa fararen kaya. Mutumin da ya rayu shekara ɗari shida da suka wuce ba za ka sa masa rigar bula ba. Malam Habu, kafin mu ba ka kalma, faɗa mana, likitan nan talaka ne ko mai hali?

Malam Habu Zariya
Ranka ya daɗe, mai hali ne sosai. Layin da ya biyo ya ce an yi wa rigar shafi da taffata da sendal, wato nau'o'in alharini masu laushi. Sannan ya ce bai cika kashe kuɗi ba, yana tattalin abin da ya samu lokacin annoba, kuma yana matuƙar son zinariya. Ku tuna babbar annobar da ta ci Ingila a 1348 da 1349 Chaucer yana yaro aka yi ta, ta kuma sake dawowa a rayuwarsa.

Akwai mutum na biyu da ya sa pers a cikin ayarin: wakilin da ke kula da gandun wani ubangida a Norfolk, doguwar riga ce tasa. Shi ma an ce ya tara dukiya a ɓoye, har yana ranta wa ubangidansa daga cikin dukiyar ubangidan.

Alhaji Babba Kwari
To ka ga inda maganar take. Duk su biyun masu abin hannu ne. Riƙe wannan, zan dawo bayan la'asar.

Malama Rabi Damagaram
Sannunku da hira. Malam Habu, wannan kalmar da ta mutu a wajenku tana da sauran numfashi a wajenmu. Turanci daga tsohon Faransanci ya ɗauke ta, kuma har gobe a Faransanci ana cewa les yeux pers, wato idanu masu launin pers. Amma kusan a ido kaɗai ta rage, kuma ma'anarta yanzu launi ne tsakanin shuɗi da kore, irin idon da ke canzawa da haske. Tun muna lakwal muka haddace ta, don ita ce laƙabin da ake yi wa Atina ta tatsuniyoyin Girkawa, la déesse aux yeux pers. Mushenmu, wato malaminmu, ya rubuta a allo, ya ce kar wanda ya kuskura ya rikita ta da père, wato uba. Shi ya sa da na ga ka ce shuɗi mai duhu sai na yi turus. A kaina pers haske gare ta.

Malam Habu Zariya
Malama, kin ƙara mini aiki! Ga kuma na uku. Dante na Italiya, wanda ya rasu a 1321, ya bayyana perso da bakinsa a littafinsa Convivio: launi ne da aka haɗa daga shunayya da baƙi, amma baƙin ya rinjaya. Har ya siffanta iskar lahira da shi. To kalma ɗaya: a Italiya kusan baƙi, a Ingila shuɗi mai duhu, a Faransancin yau shuɗi mai ratsin kore. Wanne zan gaya wa yarinyar nan?

Ɗan Marina
Allah gafarta Malam, ku ba ni dama in sa baki, ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne amma a bakin karofi na tashi. Abin da ya ruɗe ku ni bai ruɗe ni ba ko kaɗan, don duk launukan nan uku da kuka lissafa na gan su a jikin zane ɗaya a yini ɗaya.

In ka tsoma farin zane a karofi ka ɗago shi, ba shuɗi yake fitowa ba. Kore-kore yake fitowa, har da ɗan ruwan ɗorawa. Kana riƙe da shi a hannu, iska na bugunsa, sai ka ga yana juyewa a gaban idonka, daga gefe-gefe ya fara, har ya koma shuɗi. Ka mayar ka ɗago, ya ƙara duhu. Ka yi ta yi. In ka kai inda babanmu yake so, ba ya ce masa shuɗi kuma, cewa yake ya yi baƙi. In aka kai shi mabuga aka barbaɗa masa garin shuni aka buga, sai ya ɗauki wani ƙyalli, ka karkata shi a rana ka ga yana walƙiyar shunayya kamar wuyan tattabara. To wannan mutumin na Italiya da ya ce shunayya da baƙi, baƙin ya rinjaya, wallahi kamar turkudi yake kallo.

Ina jin wannan pers ɗin tasu sunan zane ne kafin ta zama sunan launi. Kowa da irin zurfin rinin da ya saba gani a garinsu.

Malam Habu Zariya
Ɗan Marina, Allah ya yi maka albarka. Ka bugi inda ya dace. A takardun Ingila na wancan zamani pers sunan yadin ulu ne da aka rina, kamar yadda scarlet ma asalinta sunan yadi ne mai tsada kafin ta koma nufin ja. Masana da dama suna danganta kalmar da sunan ƙasar Farisa. Ina da wannan bayanin a littafi amma ban haɗa shi da abin da ido ke gani a marina ba sai yanzu.

Usman Kimiyya
Yaya Ɗan Marina, abin da ka siffanta shi ne darasin da muke kwashe mako muna yi a aji. Sinadarin shuni ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ba za ka jiƙa shi kawai ka rina kaya ba. Sai an haɗa shi da toka, ruwan ya yi kaifi, a bar shi kwanaki ya ruɓa. Ƙananan halittun da ke cikin ruwan su ke sauya shi zuwa wani yanayi mai narkewa, wanda launinsa kore-kore ne. A haka yake shiga cikin zare. Da iska ta taɓa shi sai ya koma asalinsa, shuɗi marar narkewa, ya maƙale a ciki. Shi ya sa duhu ba ya samuwa da daɗewa a ruwa kawai, sai da yawan tsomawa da ɗagowa.

Abin da zai ba ku sha'awa: Turawan zamanin Chaucer ba da irin ganyen baba namu suke rini ba. Suna da wani tsiro da ake kira woad, dangin kabeji ne, mai furanni rawaya. Amma sinadarin da ke fita daga ganyensa shi ne dai wanda ke cikin baba, sai dai kaɗan ne ƙwarai in aka gwada. Suna niƙa ganyen, su cura shi dunƙule-dunƙule, su shanya, su sake farfasawa su jiƙa ya ruɓa. Kafin ka kai ulu ga duhu irin na pers da wannan raunanan rinin, ka ci ganye mai yawa da aikin hannu mai yawa. Tsadar daga nan take.

Ɗan Marina
Dunƙule? Ai haka ake kawo mana baba daga ƙauye, a daka a cura a shanya. Ikon Allah. Su ma suna fama da warin?

Usman Kimiyya
Sosai ma Yaya. A 1585 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta fitar da sanarwar taƙaita noman woad, ta hana a yi shi kusa da gidajenta. Wari na cikin dalilan, da kuma tsoron kada ya cinye gonakin hatsi saboda ribarsa.

Maman Khalil
Ni fa ina bin ku a hankali, amma ina da tambaya. Malam Habu, wai shin ba wahalar da kai kake yi ba? Yara jarrabawa za su rubuta. Su Turawan da kansu sun yar da kalmar. In ka ce shuɗi mai duhu ai ka fita haƙƙinsu. Ni ɗana yana aji uku na sakandare, ko bambancin shuɗi da kore sai da na yi ta fama da shi, balle wata pers.

Malam Habu Zariya
Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma a takardar jarrabawa shuɗi mai duhu ya wadatar. Amma ba wannan yarinyar ta tambaye ni ba. Ta lura marubuci ya ba mai injin niƙa kalma ɗaya ya ba likita wata, tana so ta san me ya sa. A shekarun da na yi ina koyarwa irin wannan tambayar ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. In na ce mata duk ɗaya ne, na koya mata ke nan cewa lura ba ta da amfani. Wannan ne ba na so.

Maman Khalil
To na ji wannan. Allah ya taimaka. Amma dai kar a kai mu inda za a ce sai mun koyi Turancin da masu shi suka binne, alhali namu na zubewa.

Alhaji Babba Kwari
Na dawo. Maman Khalil, 'yata, ai maganar taki ita ce tawa. Namu na zubewa, kuma ta hanyar da nasu ya bi.

Bari in tambayi yaran zauren nan. In na ce muku kakana ya yi hawan salla da kore, wane launi kuka gani?

Sadiq
Launin ganye mana Baba, irin na tutar Najeriya.

Alhaji Babba Kwari
Ka gani. Kore riga ce, babbar riga da aka rina da baba har ta yi baƙi, aka buga ta tana ƙyalli. Fatake suna ɗaukar ta da yawa zuwa Borno. Ni na ga ta kakana da idona. Tana cikin adaka a naɗe cikin takarda, ba a fito da ita sai salla ko ɗaurin aure. In ya sa ta ya cire, wuyansa da bayan hannunsa duk sun yi shuɗi, kuma ba ya gaggawar wankewa, don kowa ya gan shi ya san abin da ya sa. Daga ina kuke zaton muka samo "masu hannu da shuni"? Yau ɗan jarida zai faɗa sau goma a rediyo, yana nufin attajirai, bai taɓa ganin hannun da shuni ya kama ba.

Ga saƙi, ga bunu, ga ɗan Kura, ga turkudi. Kowanne da zurfin rininsa, da irin saƙarsa, da kuɗinsa, da wanda ya isa ya sa shi. A kasuwa yau in yaro ya zo sayen shadda cewa yake a ba shi nebi bulu. Shekara arba'in ina sayar da yadi, ina ji kalmomin nan suna fita daga bakin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba don an hana faɗarsu ba, sai don kayan sun bar rumfa.

To Malam Habu, amsar ɗalibarka ke nan a ganina. Hular mai niƙa launinta kawai aka faɗa. Rigar likita kuwa kuɗinta aka faɗa.

Malama Rabi Damagaram
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Wannan ta shige ni. A Faransa ma haka arzikin ya kasance. Yankin Toulouse da Albi da wannan tsiron suka yi kuɗi, su pastel suke ce masa, dunƙulen kuma cocagne. Manyan gidajen da fataken pastel suka gina a Toulouse a ƙarni na 16 suna nan tsaye, irin su Hôtel d'Assézat. Su ne masu hannu da shunin ƙasarsu.

A nan wajenmu kuwa har yanzu Buzu in zai yi kwalliyar biki alasho yake nema, kuma ya san na Kura ne na ƙwarai. Shunin da ke zuba a fuska ba aibi ba ne a wurinsa, shi ya saya.

Musa Mai Wurno
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Sudan nake bin ku. Ina so in ƙara wa Malam hujja cewa ruɗanin shuɗi da baƙi ba na Turawa kaɗai ba ne. Garinmu a bakin kogin da ake kira An-Nil al-Azraƙ yake. Duk wanda ya fassara sai ya ce shuɗin Nilu. Ku zo da damina ku gani, lokacin da ya ɗebo ƙasar tsaunukan Habasha, ruwan duhu ne da shi, babu shuɗi ko ɗigo. A Larabcin Sudan azraƙ tana ɗaukar ma'anar baƙi. Mutum mai duhun fata sosai azraƙ ake ce masa, wanda bai kai shi ba a ce akhdar, wato kore. Daular Funj da aka kafa a Sinnar a 1504 ma As-Salɗana az-Zarƙa ake kiranta, kuma baƙar daula ake nufi.

Shuni kuwa nila muke ce masa a nan.

Usman Kimiyya
Malam Musa, nilar nan taku ta yi tafiya mai nisa. Asalinta daga Indiya ne, nila a Sanskrit shuɗi mai duhu. Larabawa suka ce an-nil, mutanen Fotugal suka ɗauka suka ce anil, Turanci ma ya taɓa aron anil ɗin. Daga ita aka raɗa wa sinadarin aniline suna, wanda shi ne tushen rinin kanti na zamani. Wato sunan shuni ne a kan abin da ya zo ya karya kasuwar shuni.

Malam Habu Zariya
Tun da an zo nan, akwai 'yar'uwar pers da ita ma ta mutu: inde, ko ynde. Ma'anarta na Indiya, wato launin shunin da ake kawowa daga can. A fassarar Turanci ta waƙar Faransanci Roman de la Rose, ɓangaren da ake jingina wa Chaucer, an jera su tare wajen siffanta furannin bazara, "ynde and pers". Tun da an jera su, a kunnen mutanen lokacin ba abu ɗaya ba ne. Daga baya indigo ta shigo ta hanyar Fotugal da Sifen ta ture inde. Akwai kuma watchet da plunket, su shuɗi ne mai haske, su ma sunayen yadi. Kafin duk waɗannan, Turancin farko yana da hæwen, wadda blue ta Faransawa ta kora bayan zuwan Normawa a 1066.

Sadiq
Malam to me ya kashe su? Mutane ba su daina sa shuɗi ba ai.

Usman Kimiyya
Ni dai ga abin da na sani ta ɓangaren rinin, Malam ya cike ta ɓangaren harshe. A 1498 Vasco da Gama ya isa Indiya ta teku. Daga nan shunin Indiya ya fara shigowa Turai da yawa, ga ƙarfi ga araha in aka gwada da woad. Manoma da fataken woad suka tashi tsaye. A ƙasashen Jamus aka yi dokokin hana shi, ana kiransa rinin shaiɗan, ana cewa yana cin zare. A Faransa Sarki Henri na huɗu ya sa hukuncin kisa a kan mai rini da shi a 1609. Duk da haka bai hana ba. Garuruwa irin su Erfurt ta Jamus da suka yi arziki da woad suka ja baya.

Sannan abin ya juyo kan shunin Indiya shi ma. Turawan mulki sun tilasta wa manoman Bengal noma shi har suka yi bore a 1859, kuma kokawar farko da Gandhi ya jagoranta a Indiya, a Champaran a 1917, a kan manoman shuni ce. Wani Bajamushe masanin kimiyya, Adolf von Baeyer, ya gano yadda ake haɗa sinadarin shuni a ɗakin gwaji, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Cikin shekaru kaɗan noman ya durƙushe. A Ingila masana'antar woad ta ƙarshe, a Lincolnshire, ta tsaya a 1932.

Ɗan Marina
1498 ka ce? Allon da ke ƙofar marinar Ƙofar Mata a Kano ma 1498 aka rubuta a kai, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ke nan. Ashe shekarar da tasu ta fara gangara ita ce aka rubuta a matsayin farkon tamu.

Amma mu ma guguwar ta iso mu. Ina yaro layinmu karofi ya fi ashirin da ke aiki, kowanne da murfinsa na saƙa, da asuba ka ji ana motsa ruwa da muciya. Babanmu yana gane ruwa ya nuna ta kumfar da ke samansa da kuma wari, wani lokaci har ya ɗanɗana a harshe. In ruwa ya mutu a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a ƙona, da shi ake gyara sabon ruwa, da shi kuma ake haɗa lason da ake shafe ramin. Ba a zubar da komai. Yanzu yawancin ramukan an cike su da shara. Bara na sayi rawani a wata kasuwa, mai shagon ya rantse mini na karofi ne. Ina buɗe takardar na san ba shi ba ne, babu ƙanshin nan, kuma ƙyallin nasa kamar na leda. Ban ce masa komai ba, na lura shi kansa bai san bambancin ba, haka aka sayar masa.

Alhaji Babba Kwari
Allah ya ji ƙan mahaifinka, Ɗan Marina. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 abin da ya fi ba shi mamaki shi ne rini da saƙa. Ya rubuta cewa kayan Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus.

Malam Habu Zariya
Amin Baba. Sadiq, ta ɓangaren harshe ga yadda nake gani. Muddin akwai yadi a kasuwa mai suna pers, mai saye da mai sayarwa suna bukatar kalmar, don ita ke raba shi da plunket a farashi. Da salon yadi ya canza aka daina kawo shi da wannan sunan, sai ta rage a waƙa da tsofaffin littattafai. Garin Coventry ma ya yi suna da shuɗin da ba ya koɗewa har aka yi karin magana da shi, "as true as Coventry blue". Rinin ya tafi, true blue ta rage a bakin mutane, ana faɗa wa mai amana. Daidai da hannu da shunin da Baba ya kawo.

To yanzu a taimake ni da fassarar. Ina tunanin: "Ja wur da turkudi ya sha ado."

Malama Rabi Damagaram
A nan kam ban yarda ba Malam. Turkudi auduga ce, ƙananan ƙwarya da aka ɗinke, aka buga tana ƙyalli, kuma duk wanda ya ji ta Kura zai gani ko Agadas. Ka ɗauke likitan Ingila ka naɗa masa rawani ke nan. Pers ulu ne mai kauri na ƙasar sanyi, ba ya zuba a jiki. In yaro ya tafi da hoton turkudi a kansa, ka gyara kuskure ɗaya ka dasa wani.

Ɗan Marina
Amma Malama launin ai shi ne. Kuma darajar ita ce.

Malama Rabi Damagaram
Darajar na yarda. Launin ma wataƙila, in na Dante ne. Amma fassara ba ta tsaya a launi ba, ƙanena. Ni da zan koyar, zan bar kalmar yadda take, in ce pers, sannan in yi bayani. Haka muke yi da alkyabba in muna mayar da ita Faransanci, ba ma ce mata manteau mu wuce.

Musa Mai Wurno
Ni ina bayan Malama a rabi. Kar a sa sunan zanenmu. Amma kar kuma a bar kalmar Turanci tsirara a cikin baitin Hausa. Shuni ai ba sunan zane ba ne, sunan rinin ne, kuma Usman ya ce sinadarin ɗaya ne a can da nan. In ka ce shuni ba ka yi wa kowa ƙarya ba.

Alhaji Babba Kwari
Musa ya raba gardama. Kuma Bahaushe in ya ji shuni, kuɗi na zuwa masa a rai ko bai shirya ba. Abin da mai waƙar yake so a ji ke nan game da likitan. Sai dai ka ƙara kalmar da za ta nuna an kai rinin ƙarshe. Mu a kasuwa cewa muke ya sha shuni, ko ya ƙoshi.

Maman Khalil
"Ya ƙoshi da shuni." Wannan ko ni ta yi mini daɗi a kunne. Kakata tana faɗar haka in tana yaba zane, na manta da ita sai yanzu da Baba ya faɗa.

Malam Habu Zariya
Alhamdu lillahi. Ga abin da zan rubuta a allo: "Tufafinsa duka ja wur ne da ulun da ya ƙoshi da shuni, an yi musu shafi da alharini." A ƙasa in rubuta pers, in ba su na Dante da na Faransancin Malama Rabi, in tambaye su ma'anar kore kamar yadda Baba ya tambayi Sadiq. Malama, na san ba duka kika samu ba.

Malama Rabi Damagaram
Tun da ulu ya shiga kuma rawani ya fita, na sa hannu. Ka gaya wa ɗalibar nan wata malama a Damagaram tana gaishe ta.

Ɗan Marina
Allah gafarta Malam, ƙanena yana zuwa Zariya ranar Asabar. Akwai ƙyalle biyu a kayan babanmu, ɗaya tsomi uku aka yi masa, ɗaya kuma turkudi ne da aka buga. Zan ba shi ya kawo maka ka nuna wa yara, su ga tazarar da ke tsakanin hular mai niƙa da rigar likita. Ka fita da su waje su karkata shi a rana, a cikin aji ba za su ga shunayyar ba. Zan turo maka lambarsa ta akwatin sirri.

Malam Habu Zariya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan riƙe su amana in dawo maka da su.

Ɗan Marina
Mai hasken ka riƙe. Turkudin dai a dawo da shi, shi kaɗai ya rage mana. Ka bar shi cikin takardarsa sai lokacin nunawa, kuma kar ka sa farar riga ranar.